Marin da Ya Ƙi Ƙarewa

Zuwa ga Mamana,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafar? Ina fata kina shan maganin, ba kya tura shi ƙarƙashin filo kamar yadda kika saba.

Aiki ya kankama. 'Yar fiyanon nan da kika ce ta fi kama da abin wasan yara, ita ke riƙe da ƙungiyarmu yanzu. Tsawonta bai kai hannuna ba, amma tana da dabara: in na taka wani maɓalli da ƙafa, sai ta ɗauki duk abin da ya shiga makirufo, tafi ne ko murya, ta yi ta maimaita shi, ni kuma in ɗora kiɗa a kai. Ba ta shiru sai na sake takawa.

Amma zancen 'yarki Auta, mawaƙiyarmu, ne ya sa na rubuto. Tunda ta auri shugabanmu mai gita, muryarta na nan, fara'arta ce babu. Tana zuwa gwaji da baƙin tabarau, a ɗakin da ko taga babu. Na tambaye ta, ta ce ƙofar kabad ce ta buge ta. Kabad ɗin gidan nan kuwa ya iya saiti, kullum ido yake samu. Na yi wa mijin magana, ya ce in tsaya a matsayina. Raina a ɓace yake, Mama. In kin kira ta ki matsa mata, ni ta ƙi faɗa min.

A gaida su Gwaggo.

Ɗanki,
Yatsu

Zuwa ga Mamana,

Ina gaishe ki, ina fata ƙafar ta yi sauƙi. Kada ki yi mamakin rubutun, da hagu nake yi.

Ranar Asabar da la'asar mun yi wasa a wani babban zaure. Yadda muke buɗe wasa shi ne Auta ta tsaya bayan labule da makirufo, ta yi tafi da 'yar guɗa, ni in ɗauka, sannan ta fito. Lokaci ya yi na taka. Ashe mijin na can bayan labulen, wai ya ga tana yi wa mai gyaran sauti dariya. Abin da ya shiga na'urar shi ne ƙarar mari, da wayyon Auta, da ashar ɗinsa. Nan take ta soma maimaitawa ta manyan lasifikoki, mari, wayyo, ashar, daidai da kiɗa.

Mutane suka zaci sabon salo ne, suka hau tafi. Har mai gangarmu ya bi. Sai wata mata a layin gaba ta sauke hannu ta miƙe tsaye, tafin ya soma mutuwa kujera bayan kujera. Ƙafata na kan maɓallin, Mama. Ban taka ba. Ƙara sautin na yi.

Mijin ya fito a fusace yana min alama in kashe, na zuba masa ido. Sai ya fizgi ƙarfen makirufo ya sauke min a hannun dama, a kan fiyanon. Na ji ƙarar ƙashina da kunnena. Ban san sanda na sa masa kai a baki ba, sai haƙorinsa na gani a ƙasa. Muka zube cikin wayoyi, ya shaƙe ni, na cije shi a kunne, jininsa da nawa duk a rigata. Mai ganga ya danne shi, 'yan kallo suka hau jifa da kujeru, wani ya fasa masa gitar a gadon baya. Duk wannan, marin na ta sauka a lasifika. Auta kuwa ta fito leɓenta na jini, ta tsaya a tsakiyar dandamali tana saurare, har wani ya zare wayar wuta.

Likita ya ce yatsu biyu sun karye, na tsakiyan ma da wuya ya sake lanƙwasuwa. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Amma ko yau aka maimaita, ba zan taka ba.

Auta na ɗakina. Jiya na tambaye ta me ya tsayar da ita a wurin kamar an dasa ta. Ta ce ba muryarta ta ji ba, taki ta ji, irin wadda muke ji ta bayan ƙofa muna yara, Baba na da rai. Ki yafe mana, Mama, ba mu taɓa gaya miki muna ji ba.

Gobe zan sa ta a mota ta taho gida. Dangin mijin sun fara sintirin biko, na san har ƙofarki za su zo, su durƙusa, su ce a ba ta haƙuri. Don Allah kada ki mayar da ita. Haƙurin da kika yi ya isa, kin yi har da nata.

Allah ya ƙara miki lafiya.

Ɗanki mai ƙaunarki,
Yatsu