Lamba Bakwai Yana da Suna

Zuwa ga Yayana, Malam Sanusi, a Zariya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ta girmamawa daga ƙanwarka a Greensboro ta Amurka, da fatan takardar nan ta same ka lafiya. Yaya jikin Inna? Ka gaishe ta ƙwarai. Shekara uku ke nan ka bar iyalinka a nan kana jinyarta, mu kuma sai waya. Allah Ya saka maka. Wannan babu mai mantawa da shi, kuma abin da zan faɗa a ƙasa bai rage shi ba.

Saƙon muryarka ya iso. Sau uku na saurare shi a mota, a bakin makaranta, kafin in shiga aji. Ka ce in rufe ajin da nake yi wa yaranmu ranar Asabar, in kuma haɗa littattafanka in ba mai tahowa gida. Amsata a'a ce, Yaya, a duka biyun. Tunda kuma a zauren al'umma na waya aka fara maganar, inda Alhaji Garba ya rubuta cewa Malama Bilkisu tana koya wa yara jayayya da ƙaddara, to a nan zan ba da amsa, kowa ya karanta.

Da yawa cikin iyaye sun ɗauka cewa abin da muke yi ƙoƙari ne na gyara abin da ya riga ya faru. Ba haka ba ne. Manhaja ce a kwamfuta. Ana zuba mata bayanan 'yan wasan besbol, wasan Amurkawa na jifan ƙwallo da dukanta da sanda, na wata kakar wasa da ta wuce: wane sau nawa sandarsa ta sami ƙwallo, sau nawa ta kuskure, mai jifa kaza a jifa na nawa hannunsa yake fara sanyi. Sai ta sake buga wasannin ɗaya bayan ɗaya, kai kana zaune a matsayin koci, kana zaɓar wanda zai shiga da wanda zai huta. Wanda ya ci kofi a wancan lokaci, har gobe kofin yana gidansa. Abin da kawai manhajar take nunawa shi ne, mutane ɗaya da ƙwarewa ɗaya, idan suka sake karawa, ba lallai sakamako ya zama ɗaya ba.

Ni malamar lissafi ce. Na daɗe ina fama da darasin yiwuwar abu a gaban allo, yara suna hamma. Ranar da muka gama sake buga kakar wata tsohuwar ƙungiya ta manya, wadda aka yi tun kafin a haifi iyayensu, wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ashe ƙungiyar da ta fi kowa ma tana iya faɗuwa ba tare da wani ya yi laifi ba?" Alhaji, da girmamawa, ban taɓa ganin darasin da ya kai yaro kusa da yarda da ƙaddara kamar wannan ba.

Amma ni da kai, Yaya, mun san ba ƙaddara ce ta ɗaga maka murya ba. Littattafan ne.

Kai ne ka koyi wasan nan daga rediyon mota, lokacin da kake karatu a jami'ar da ke gabashin gari kana kai kaya da rana. Mu muna dariya, muna cewa wane irin wasa ne mutum tara suna tsaye suna kallon mutum ɗaya. Daga baya ka tara yaranmu a filin bayan gidaje a McLeansville, ka mayar da su ƙungiya. Kowane wasa kana zaune a kan bokitin ƙwallaye da littafi a gwiwa, kana rubuta jifa bayan jifa da ajami, don ka ce hannunka ya fi sauri da shi. Ranar da za ka tafi ka sauke littattafan a falona ka ce, "Ki ajiye, wataƙila su yi wa 'yan lissafinki amfani." To, sun yi.

Bara da kaka yaran suka ce sun gaji da baƙin 'yan wasa, suna son su sake buga kakar yayyensu. Na buɗe littafinka na ƙarshe. Layi goma sha biyu, sunaye goma sha ɗaya. A layi na bakwai lamba ce kawai. Na duba kowane shafi, haka yake. Manhajar kuwa ta ƙi wucewa da gurbi babu suna. Sai na rubuta: Kamalu.

Ɗanka na fari, Yaya. Ni gwaggonsa ce, babu abin da ya hana ni kiran sunansa.

Ka tuna wasan ƙarshe na cin kofi da yaran garin Summerfield? Duk wanda ke bayan shinge ya san babu hannun da ya kai na Kamalu a ƙungiyar, kuma ya huta kwana biyar saboda ranar. Sai ka miƙa wa Usman, ɗan Alhaji Garba, ƙwallo. Ba ni da ƙorafi a kan Usman ko kaɗan, yaron ya yi iya ƙoƙarinsa, kuma da maki ɗaya aka ci mu. Amma Kamalu ya zauna a benci daga farko har ƙarshe, safar hannun da yake cafe ƙwallo da ita a kan gwiwa. A mota, ina kujerar gaba, ka juya ka tambayi Usman ko yana son ruwa. Wanda ke kusa da shi ba ka ko dube shi ba. Bayan wata biyu ka tafi Zariya. Shi kuma ya rataye safar a gareji, bai sake taɓa ta ba.

Ni na gane abin da ka yi, domin gida ɗaya muka tashi. Baba har ya rasu ban taɓa jin sunanka a bakinsa ba. "Ina wancan?" Shi ke nan. Ranar da za ka taho Amurka ya gaisa da kowa a tasha, ya yi wa abokanka nasiha ɗaya bayan ɗaya, kai kuma ya wuce ka ya je ya ce wa direba, "A kula da yaron nan." Ka shiga mota kana share ido, domin ka san ma'anarsa. Duk garin sun sani. Ka tashi a inda kowane yaro ya san cewa uban da ya fi kau da kai daga ɗan farinsa, shi ne wanda abin ya fi cika wa zuciya.

Kamalu bai tashi a can ba. Ya tashi a filin da kowane uba ke rataye a shinge yana ƙwala sunan ɗansa har muryarsa ta dishe.

Ba zan yi maka ƙarya ba, na riga na karanta abin da ke gefen shafukan kafin in nemo shi. Na ce masa idona yana gajiya da ƙananan rubutunka, ina son mai karanta min yayin da ƙanana ke shigarwa. Ya zo yana jan ƙafa. Baƙaƙen Larabci ya san su daga Islamiyya, don haka cikin Asabar biyu ya fara haɗa ajamin, yana tuntuɓe yana tashi. Da farko lambobi kawai yake karantawa. Sai wata rana ya kai ga ƙananan layukan da ka cusa a gefen layi na bakwai, inda babu kamarsu a gefen sunan kowa.

"Hannunsa ya gaji tun jifa na talatin, bai faɗa ba."

"Ya dubo inda nake sau biyu. Na duba littafi."

"Yau babu wanda ya taɓa masa ƙwallo har zagaye na huɗu. Allah Ya yi masa albarka."

Yana karantawa a hankali, harafi harafi, kamar ɗan aji ɗaya. Na sallami ƙananan su je su sha iska a waje. Shi da kansa ya buɗe shafin wasan ƙarshe. Ka san abin da ke can, da jan biro, a ƙasa: "Shi ya kamata. Idon mutane ya yi min yawa."

Ya rufe littafin. Sannan ya tambaye ni, da Turanci, me ya sa ba ka faɗa masa ba. Na ba shi labarin Baba da tasha da direba, na bayyana masa kunyar ɗan fari iya yadda zan iya. Ya saurara har ƙarshe. Sai ya ce, da Hausarsa mai karyewa, "To Gwaggo, ni wa ya gaya min dokar?"

Na yi shekara ashirin ina amsa tambayoyin yara. Wannan kam ba tawa ba ce. Taka ce.

Asabar ta gaba na zaunar da shi a kujerar koci, muka buɗe wasan ƙarshen. Bai yi wata-wata ba ya saka kansa a matsayin mai jifa. Yaya, da ka ga irin dukan da yaran Summerfield na cikin kwamfuta suka yi masa! Tun zagaye na biyu aka gama da mu. Ƙananan suka fashe da ihu, ɗaya yana cewa, "Yaya Kamalu, ashe gara da babanka ya ajiye ka!" Na tsorata, na ɗauka zai tashi ya fita. Sai ya kifa kai a tebur yana dariya har da hawaye. Rabon da in ji dariyarsa haka tun kana nan.

Ya sake gwadawa, ya ci. Ya saka Usman, ya ci. Ya ƙara saka Usman, aka ci mu. Muka yi ta maimaitawa har muka daina ƙirge. Wani lokaci nasara, wani lokaci faɗuwa, da shi ko ba da shi ba. Don haka idan abin da kake tsoro shi ne kwamfuta ta tabbatar wa jama'a cewa kai ka zubar da kofin, ka kwantar da hankalinka. Ba ta ce haka ba, kuma ba za ta iya cewa ba. Alhaji ma ya sani cewa ɗansa ya ɗaga kofin nan a ajina sau da yawa. Kamalu da kansa ya rufe kwamfutar ya ce shi dama ba kofin ne ya dame shi ba.

Ga inda muke yanzu. Ƙarshen watan nan makarantarsu za ta zaɓi 'yan wasan bana, kuma idan ya wuce wannan karon, da wuya ya sake samun shiga. Safar ta sauko daga gareji, tana bayan motar mahaifiyarsa. Takardar shiga kuwa tana kan firiji, bai cika ba. Matarka Anti Rabi ta ce min duk lokacin da ka kira ka gama da ita, sai ka ce, "Ba ni wancan," shi kuma sai ya ɗauki takalmi ya fita. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Idan ya nemi Kamalu, zan karɓa."

Na san abin da za ka ce. Za ka ce Bilkisu ta daɗe a Amurka har ta manta tarbiyya. Ban manta ba. Har yau ba na iya zama a kujera kana tsaye, kuma ina koya wa yaran nan su durƙusa su gaida manya ko da abokansu na kallo. Na kuma san wasiƙar nan kanta rashin kunya ce, na tona abin da ka ɓoye a gefen shafi a gaban jama'a. Na ɗauki laifin, ka yi fushi da ni yadda kake so. Amma shirun Baba ya isa gare ka ne don akwai gari guda da ke fassara maka shi. Naka shirun ya ƙetare teku, ya sauka a kan yaron da babu mai fassara masa sai littafi, littafin ma da rubutun da bai iya ba. Shekara uku yana ɗauke da cewa ubansa bai yarda da hannunsa ba. Ba zan mayar da abin da ya sauke masa wannan kaya cikin akwati ba. Littattafan suna nan. Ajin ma yana nan, ƙofa a buɗe, duk mahaifin da ke shakka ya zo ya zauna ya gani da idonsa, Alhaji a sahun gaba.

Kai kuma, Yayana, kada ka yanke wa abin hukunci daga nesa. Zo ka gwada. Na adana wasan a daidai safiyar ranar ƙarshe, kafin a yi jifa ko ɗaya. Asabar mai zuwa, ƙarfe goma na safe a nan, bayan La'asar ke nan a wurinku, zan kira ka ta bidiyo in jingina wayar a gaban kwamfuta. Kai ne koci, kamar dā. Shi zai zauna a gaban madannai, ya kuma yi alkawarin zai zo. Abu na farko da manhajar za ta tambaya shi ne wa zai yi jifa. Ka zaɓi wanda ka ga dama, ba zan sa baki ba. Sai dai ka sani, shi ba zai rubuta komai ba sai abin da ya ji daga bakinka, kuma a jerin 'yan wasan babu mai suna wancan. Idan nauyi ya yi maka yawa, ni zan fita in ja ƙofa. Babu idon kowa.

Allah Ya ba Inna lafiya mai ɗorewa, Ya jiƙan Baba, Ya sa abin da bai furta ba ya zama a mizaninsa. Allah Ya sassauta maka harshe ranar Asabar, Ya sanya albarka a hannun yaron da ka roƙa wa albarka a ɓoye, Ya kuma yafe min idan na wuce iyaka. Amin.

Wassalam.

Ƙanwarka mai biyayya a komai banda wannan,
Bilkisu, gwaggon Kamalu.