Ki Kira Sarkin Surutu Ya Hau Rufinmu

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan randata mai kashe ƙishi, uwar Ummi, wadda ko sunanta aka ambata kusa da ni sai gudumata ta kuskure ƙusa. Ina gaishe ki da gaisuwar da ta fi ƙarfin wannan takarda.

Masoyiyata, a kan tarin katako nake rubuto miki, lokacin hutun azahar, hannuna duk garin zarto. Ga ajin da muka rufe jiya can yana ƙyalli, sabon kwano fil, babu ƙusa ɗaya da ta karkace. Da kin ga makarantar nan ranar da muka sauka, bayan guguwa ta yaye mata rufi, da kin yi hawaye. Yau yara suna karatu a ciki. Ba na jin yarensu, su ma ba sa jin nawa, sai suka raɗa min suna da ƙarar gudumata, duk inda na gifta sai ihu: Kwas-kwas! Ɗakinmu na 'yan sa-kai ƙarami ne, ni da wani malamin makaranta mai minshari kamar injin markaɗe. Ni nake wankina, kuma na gane ashe wuyan riga ba da addu'a yake fita ba. Ana yabona, ana tafa min, har kaina ya fara kumbura. Ba zan ɓoye miki ba, ina jin daɗin zaman nan, kuma jin daɗin nan shi ne yake ci na.

Saƙon muryarki na shekaranjiya ne ya sauke min kumburin. Kika ce, "Lafiyarmu ƙalau, kai dai ka yi aikinka, kada ka sa mu a ranka." Muryarki kamar iskar da take zuwa gabanin ruwa, na yi ta maimaita shi don in ƙoshi. A maimaitawar ne kunnena ya bar muryarki ya koma bayanta. Ɗis a baho. Ɗis a bokiti. Ga wani kuma a tukunyar ƙarfe, can wajen da gadon Ummi yake. Sannan na ji tarinta, tari mai nauyi, na kuma ji yadda kika ɗaga murya don ki rufe shi. Haba, farin watana! Kafinta za ki ɓoye wa yoyo? Da na taho, wuri ɗaya ne yake ɗiga. Yanzu ɗakin namu ya zama rariya, ke kuma kina cewa ƙalau.

Kin tuna ranar da na fara ganinki? Ina saman ɗakin Babanki ina jera kwano, kika fito da kofin ruwa kika tsaya a gindin tsani, kanki a sunkuye. Na leƙo in karɓa, guduma ta sauka a babban yatsana. Kika danne dariya har kafaɗunki suna rawa, kika ce, "Sannu, Malam, kwanon aka ce ka buga." Farcen nan sai da ya yi baƙi ya fita, amma ni tun ranar ban sake fita daga hannunki ba. Kin tuna kuma daminarmu ta farko, da ɗigon ya fara sauka daidai kan matashinki? Muka ja gado muna dariya, na daki ƙirji na ce gobe-goben nan zan hau. Goben nan yanzu ta girmi Ummi.

Da a ce jinkirin ne kaɗai, da sauƙi. Amma ranar da zan taho, a bakin ƙofa, jaka a kafaɗa, me na ce miki? Na ce ko sama za ta tsage kada wani kafinta ya taka rufina, musamman Sarkin Surutu na bakin layinmu, don kada ya zaga gari yana cewa shi ya rufe ɗakin wane. Kin san tsakaninmu, in ya buga ƙusa ɗaya sai unguwa ta ji labarinta har mako. Kika ce to. Na kira Yayanki jiya, ya wanke ni tas, kuma ya yi daidai. Ya ce shi da kansa ya zo da mai gyara har ƙofar gida, kika tare su kika ce, "Yaya, ka yi haƙuri, mijina kafinta ne, yana hanya." Wayyo, abar ƙaunata! Kina tsaye cikin ruwa kina tsare min mutunci, ni kuwa ina nan ina barci a busasshen ɗaki, ana kirana mai taimako. Wane irin taimako ne wannan, da ya tsallake kan 'yata ya haye jirgi?

Akwai saura, ki daure ki ji. Shugabar ayarinmu ta roƙe ni in ƙara kwanaki, don ajin ƙananan yara bai samu rufi ba, kuma ni kaɗai ne kafinta a cikinmu. Bakina ya riga hankalina, na amsa mata tun kafin in ji saƙonki, ban ma shawarce ki ba. Yanzu an sauke katako, an jera kwano, yaran suna zaune a gindin bishiya suna kallon hannuna. In na tafi, ruwa zai same su a fili. In na zauna, ruwa yana kanku. Na juya maganar nan ta kowace fuska, sai na tarar ba ruwan sama ne yake jiƙa ku ba, girman kaina ne, kuma shi ba sai na dawo zan iya sauke shi ba.

Don haka ga roƙona, ya furen zuciyata. Ki fara kai Ummi asibiti a duba ƙirjinta. Daga can ki biya ta bakin layi, ki kira Sarkin Surutu. Shi nake nufi, ba wani ba, domin duk da bakinsa, a unguwar nan babu mai hannunsa, kuma yau ce rana ta farko da na faɗi haka. Ki ce ni na aiko ki. Tsanina yana bayan ɗaki, ki ba shi ya hau da shi. Ya yaye duk abin da ya ruɓe, har wanda na buga da hannuna. In ya tambaya ina maigidan, ki faɗa masa gaskiya. Ya zaga gari da ni, ya kai ni kasuwa, ya kai ni majalisa, in na dawo zan tsaya a gabansa in yi masa godiya kowa yana ji.

Abu ɗaya nake nema a wurinki bayan gafara, in har na cancance ta. Ranar da aka sake yin ruwa, ki aiko min da saƙon murya. Kada ki ce lafiya ƙalau, kada ki ce komai. Ki ɗaga wayar kawai a tsakiyar ɗaki, in saurara, in ji babu abin da yake ɗiga.

Naki ne ni, a wannan damina da duk wadda Allah zai nuna mana bayanta,

Mijinki mai baƙin farce.