Ranar da Na Rubuta "Ya" a Gurbin "Ta"

Zuwa ga aminina Bulus,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa. Na so in ɗora da "ina fatan kana lafiya", yadda nake koya wa ɗalibai, sai na tuna inda kake an wuce tambayar lafiya. Don haka bari in faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Ina sanar da kai, tare da duk mai leƙen takardar nan ta saman kafaɗata, cewa ranar Asabar da ta wuce, da hantsi, a falon gidanka na Tirwun, ni Malam Sabo, malamin Hausa tun zamanin alli da baƙin allo, na rubuta "ya" a inda nahawu ya ce a sa "ta". Da hannuna na rubuta, ina cikin hankalina, babu wanda ya ɗora mini wuƙa a wuya. Akwai shaidu. Na san da kana nan, da sai ka sa an yi shela a kasuwar Wunti.

Zan gaya maka yadda aka yi, amma sai na ɗauko zancen daga nesa. Ka san malami ba ya shiga darasi sai ya yi bita.

Ka tuna inda muka fara haɗuwa? Wurin mai masa a Yelwa, lokacin kana gyaran na'urori a jami'a, ni ina koyarwa a sakandare. Ka cika bakinka da masa ka ce, "Masan nan ya yi daɗi." Ban san ka ba, ban san daga ina kake ba, na ce maka, "Ta yi daɗi." Ka dube ni sama da ƙasa ka ce, "Malam, ko ya ko ta, ni dai zan ƙara." Ka ƙara, ka sa aka ƙara mini. Abotarmu ke nan.

Daga kudancin jiharmu ka fito, Hausa a kasuwa da makaranta ka tsince ta, kuma a bakinka duniya kaf namiji ce. Mota ya lalace, rana ya faɗi, Madam ya yi fushi. Ni kuwa na ɗauki gyaranka kamar aikin lada. Ka naɗa ni Sarkin Nahawu, na naɗa ka Injiniya, alhali abin da na taɓa gani a hannunka bai wuce sukundireba da tsohon buroshin haƙori ba. Da Sallah kai ne mai riƙe mini ƙafar rago, da Kirsimeti ni ne mai cinye cincin ɗin matarka, Madam Hannatu, ina sukar yawan sukarinsa.

Wata rana da yamma ka kira ni ɗakinka, ka buɗe kwamfutar nan taka mai nauyin dutsen niƙa, ka nuna mini wasu lambobi. Ka ce sabon kuɗi ne, sunansa kirifto, ba shi da takarda, ba shi da banki, a cikin wata jaka yake zaune da ake ce wa walet. Na ce kuɗin da ba a ƙulle shi a bakin zane ai kuɗin aljanu ne. Ka ce ka sayi ɗan kaɗan, abin da bai kai kuɗin akuyar Kirsimeti ba, ka ajiye wa 'yarka Mama, wadda a lokacin take firamare. Ka ce jakar tana da mabuɗi, wata magana ce da ake rubutawa kafin ta buɗe, in ta ɓace kuma babu wani ofis da za a je a yi kuka.

Na ce to rubuta ta a takarda. Ka ce, "In na rubuta, Madam zai kunna risho da shi." Sannan ka dafa kafaɗata ka ce, "Maganar da na faɗa maka ranar da aka haifi Mama, shi ne mabuɗin. Kai kaɗai ka ji. Kuma kai ba ka manta kuskuren mutum."

Na yi dariya na ce ai wannan a aljihuna take. Muka fita cin tsire, muka manta da zancen. Ka sayi fili a Tirwun lokacin ana noman gero a bayan katangarka, ka gina gida, Mama ta shiga jami'a, ni na fara rina gemu ina cewa maganin ƙaiƙayi ne. Sai ciwon nan ya zo, bai yi mana sallama ba.

Bayan an kai ka, da mutane suka watse, Madam ta miƙo mini kwamfutar a cikin rigar filo. Ta ce a gadon asibiti ka ce mata, "Abin Mama yana wurin Malam." Iyakar wasiyyar ke nan. Na karɓa, na ce mata ta kwantar da hankalinta, aikin shan shayi ne.

Na koma gida Fadaman Mada, na jira wuta ta zo, na buɗe. Na rubuta "matata ta haihu". Jan rubutu ya fito, wai ba daidai ba. Na yi murmushi na ce laifina ne, Bulus ne fa. Na rubuta "matana ya haihu". Jan rubutu. Na sa "Madam ya haihu", na sa "ya haifu", na sa "ya sauka", na haɗe kalmomin, na raba su, na yi manyan baƙaƙe, na yi ƙanana. Na zauna ina ƙirƙiro kurakuran da ko kai ba ka taɓa yi ba. Duk ja.

Bulus, ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina zuba jan biro a takardun 'ya'yan mutane, ga na'ura tana zuba mini, ba ta ko faɗa mini inda na kauce. Ashe da gaske ne wanzami ba ya son jarfa.

Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce. Madam ba ta taɓa tambayata ba. In na je gaisuwa sai ta tambayi iyali, ta tambayi ƙafata mai ciwo, ta kawo zoɓo. Wallahi da ta tambaya da ya fi mini sauƙi.

Ana nan sai kirifto ya zama zancen gari. Ka shiga keke ka tarar da kowa ya sunkuya yana danna waya, har da mai tuƙin. Labari ya kai wa danginka cewa abin nan da Bulus ya saya tun da daɗewa ya yi tsada. Aka yi rashin sa'a na shafa wa gidana fenti saboda bikin ɗana. A wani zaman dangi wani ya ce, "Ai Malam Sabo ya gyara gida." Bai ƙara komai ba, kuma ba ya buƙatar ƙarawa. Maganar ta zagayo ta same ni har zaure.

Ka san garinmu. Tun muna samari akwai masu kallon tafiyarmu tare, a ɓangarenka da nawa, suna jiran ranar da za su ce "ai dama". Ba sunana nake ji ba, sunan malamin sakandare nawa yake? Abin da ya hana ni sakewa shi ne a ce Bulus ya yi wauta da ya ba wancan mutumin amana. A yi maka dariya kana kwance, ba ka da bakin ramawa. Sai na fara rage zuwa Tirwun, abin da ya ƙara wa masu magana gishiri a miya.

Makon jiya Madam ta aiko cewa Mama ta gama jarrabawarta ta ƙarshe, za ta iso ranar Asabar, in zo a ci abinci. Na yanke shawara. Na mayar da kwamfutar cikin rigar filonta, na shirya jawabi mai kyau, da gabatarwa da kammalawa, wanda taƙaicensa shi ne na kasa.

Na tarar da yayarka Laraba ta zo daga ƙauye, tana zaune a bakin ƙofar falo tana ɓarar gyaɗa. Ta tsufa, amma goshin naka ne, dariyar ma taka ce. Ina zaune da kaya a cinya ina neman ta inda zan fara, sai keke ya tsaya a waje. Yaya Laraba ta watsar da tiren gyaɗa, ta miƙe tana guɗa tana cewa, "Mamana ya dawo! Mamana ya dawo!"

Bakina har ya buɗe zai ce "ta". Sai ya tsaya a buɗe.

Na gan ka, Bulus. Safiya ce, a ƙofar gidana, ka zo a kan mashin ɗin aro, rigarka a bai-bai, silifas ɗinka ƙafa ɗaya shuɗi ɗaya ja. Mahaifiyarka ta rasu a daminar da ta gabata, ba ka kuma yarda an ga hawayenka ba. Ka kama hannuna da hannu biyu ka ce, "Malam, mamana ya dawo." Ni kuwa, Sarkin Nahawu, abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "Ta dawo." Sannan na ce, "Wato Madam ta haihu ke nan?" Ka gyaɗa kai kana dariya, idonka ya cika da ruwa. Na ɗauka iskar mashin ce.

Ka ga abin da ya faru? Maganata na adana, na sa ta a bakinka, na yi shekaru ina neman kuskure a cikinta. Taka kuwa ban ji ta ba, domin kunnena yana kan harafi ɗaya. Na san sunan mahaifiyarka ka sa wa yarinyar, na san shi ya sa babu mai kiranta Rifkatu a gidan sai Mama, na ci tuwon sunan ma. Amma ban taɓa haɗa wannan da wancan ba. Garin neman gira na rasa ido.

Ban jira an gama rungume-rungume ba, na zare kwamfutar na jona. Kuma don kada tarihi ya yi mini gata, zan faɗa maka cewa yatsuna da kansu suka rubuta "mamana ta dawo". Ja. Mama tana tsaye a bayana, jakarta ma ba ta sauke ba. Ta sunkuyo ta ce, "Kawu, Baba fa ba haka zai faɗa ba." Na goge harafi ɗaya, na sa wani. Na danna.

Ta buɗe, Bulus. Babu ganga, babu algaita, wasu lambobi ne kawai suka fito, irin waɗanda ka nuna mini a Yelwa.

Masu leƙe, na san abin da kuke jira, ba kuwa za ku ji ba. Abin da zan ce, bai kai mafarkin mai maganar fenti ba, amma akuyarka ta Kirsimeti ta hayayyafa. Mama ta kwashe abinta ta mayar inda ta sani, ta yi sabon mabuɗi, ta kuma yi hankalin da ba ka yi ba: ba ta ba malamin Hausa ajiyarsa ba.

Madam ta miƙe. Ta shiga kicin ta daɗe, fiye da yadda ɗumama miya ke buƙata, ta fito da masa ta ajiye a gabana. Yaya Laraba ta tsince gyaɗarta, ta dube ni ta ce, "Malam, amana ya fita." Na ce, "Ya fita, Yaya." Mama ta kalle ni kamar ta ga jinjirin wata da rana tsaka.

Tun ranar nake zama a zaure bayan la'asar ina bin maganganunka ɗaya bayan ɗaya. Na gano duk na gyara su. A cikin kaina kana magana da Hausar littafi, tsaf, babu tuntuɓe, kamar mai karanta labarai a rediyo. Wannan mutumin ban san shi ba, ban taɓa cin masa da shi ba. Yanzu ina mayar maka da kayanka. Mota ya lalace. Rana ya faɗi. Malam, ka cika surutu, shayinka ya huce, wannan kam ka faɗe ta daidai, kuma na fi kewarta.

Allah ya raya Mama, ya sa ta gaji zuciyarka, Hausar kuwa duk wadda ta ɗauka ta yi. Allah ya ba Madam haƙuri da lafiya, ya albarkaci abin da ka bari, ya rufa mana asiri, ya sa kada a taɓa cewa "ai dama" a kan zumuncinmu. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da kyau.

Ka huta, Injiniya.

Naka har kullum,
Sabo, Sarkin Nahawu mai murabus.

Af, na manta. Game da safiyar nan a ƙofar gidana: ya dawo ɗin ne. Kai ne da gaskiya, ni na yi kuskure.