Ni na ba Inna haɗin, matata ke ɗauke da laifin

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, ni ma na zagi kaina har na gaji.

Ina sayar da lemo da kankana a kasuwar Zuba. Mahaifiyata, muna ce mata Inna, tana da ciwon zuciya, shi ya sa na ɗauko ta daga ƙauye ta zauna wurina. A asibiti aka ɗora ta kan maganin tsinka jini, likita ya ja mana kunne kada a ƙara mata komai, ko na gargajiya ne, sai an tambaye shi. Matata ce ke ba ta ƙwayoyin. Ba ta yi boko ba, sai ta samo kwalin ashana bakwai, kowace rana da nata, duk Juma'a ta kai wa mai kemis ɗin layinmu ya zuba mata. Ko sau ɗaya ban ga ta yi kuskure ba.

Ni kuwa gani nake wata biyar ana shan ƙwaya, Inna ko masallaci ba ta iya takawa. Sai ga wani mai magani da lasifika a bakin kasuwa, da haɗin tafarnuwa da citta da kurkum da wasu saiwoyi cikin zuma, wai yana wanke jijiya. Na gaya masa tana shan na asibiti, ya ce, "Oga, wannan ai abinci ne, ba ya faɗa da kowa." Na saya. Kullum da safe in na shiga gaishe ta sai in ba ta cokali biyu, na ce kada ta gaya wa kowa, don na san matata za ta kawo maganar likita. Da dasashinta ya fara jini na ce asuwaki ne. Da na ga tabo baƙi a hannunta na ce bugewa ta yi. Wane irin ɗa ne zai ga wannan ya kau da kai?

Sati na uku ta faɗi a tsakar gida. Aka ce jini ya zuba a ƙwaƙwalwarta. Likita ya dube mu, ni da matata da yayata da ta taso daga Jikwoyi, ya ce jininta ya tsinke fiye da ƙima. "Akwai abin da take sha ban da namu? Ko herbal, irin na gargajiya?" Wallahi bakina ya buɗe, amma abin da ya fito shi ne a'a. Ya ce to wataƙila an ninka mata ƙwayar. Nan take Yaya ta juya kan matata: "Ke da ba ki iya karatu ba, wa ya ce ki riƙe maganin mutum?" Ina tsaye na bar laifin ya hau kanta.

Yau wata biyu ke nan. Inna na kwance, ɓarin jikinta ya mutu, ba ta magana, in na shiga sai ta bi ni da ido. Ita kaɗai ta sani. Dangi sun daina amsa gaisuwar matata, Yaya na cewa in mayar da ita gidansu. Abin da ya fi ƙona min rai, ita ma ta yarda ita ce. Ita ke wanke Inna, ita ke juya ta, ta rame ta zama kamar tsinke. Jiya da na dawo kasuwa ta durƙusa ta ce, "Maigida, na yi ta tunani, ina jin ranar Talatar nan kafin ta faɗi sau biyu na ba ta. Ka yafe mini." Na ce na yafe. Ni, na ce mata na yafe.

In na faɗi gaskiya, Yaya ba za ta sake kallona ba, matata kuma ban san da wane ido za ta zauna da mutumin da ya bar ta wata biyu cikin wannan wuta ba. In na yi shiru, za ta mutu tana ganin ita ta nakasa uwata. Kowanne na zaɓa Inna ba za ta tashi ba.

Jama'a, don Allah, me zan yi?