Amanar da Yaya Bashir Ya Bar wa Autarsa

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya su Yaya Rabi da jikoki? Ya ƙafar taka? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Yaya Bashir.

Na ji ana ta surutu a gida wai Safiya ta hana a sa wa mahaifinta injin numfashi. Yaya, a gabana aka yi. Dokar ƙasar nan da muke zaune ta yarda mutum tun yana da lafiya ya rubuta wanda zai yi magana a madadinsa ranar da ba zai iya ba. Ashe Yaya Bashir autarsa Safiya ya zaɓa, ba mu manya ba.

Ranar likita ya ce ba sauran abin da magani zai yi masa, sai dai inji. Yarinyar nan da kullum da Turanci take amsa mana ta miƙe, ta ce da Hausa: "Baba ya ce in lokaci ya yi, kar a riƙe shi da inji. A juya gadonsa alƙibla, a karanta masa Yasin."

Wallahi kamar shi ke magana. Ana cikin karatun ya cika, hannunsa cikin nata.

Ka gaida kowa, a sa mu a addu'a. Safiya kuma ka kira ta ka sa mata albarka. Nauyin da ta ɗauka ranar, ni da furfurata da ban iya ba.

Ƙanwarka,
Hadiza, Springfield