Na haddace babi huɗu na Python, amma na kasa zana wa Baba ruwan kogi

Malama, don Allah ki taimake ni.

Ni malamar Islamiyya ce a Hadejia. Shekara ashirin da biyu mahaifina yana auna tsayin ruwan kogi duk safiyar damina, yana rubutawa a littattafai, manoman shinkafa suna zuwa tambayarsa ranar da ya kamata su yi girbi kafin ambaliya. Yanzu idonsa yana ta dushewa. Na yi masa alkawarin zan koyi Python in mayar da lambobin nan zane guda, ya gani tun yana iya gani. Yayana Bala ya ara mini kwamfuta ya kuma ba ni wani ƙaton littafi. Na yi masa irin karatun da na sani, wato hadda. Babi huɗu suna kaina, amma ranar da na buga layin farko sai jan rubutu ya fito, na rufe kwamfutar. Ƙawata Najwa ta ce in koma bidiyo, na sauke talatin, waya ta cika. Wanne zan bi?

'Yar mai auna ruwa, Hadejia

'Yar'uwa,

Hadda ta ba ki haƙuri da naci, amma wannan karatun hannu ne ke yin sa, kamar ɗinki. Jan rubutun nan ba abin kunya ba ne. Kwamfuta ce ke nuna miki layin da za ki gyara.

Littafi yana da tsari, ba ya cin data, sai dai naki ya yi wa mai farawa nauyi. Bidiyo yana nuna inda za ki taɓa, amma yana sa mutum ya zaci ya iya alhali kallo kawai ya yi. Ki zaɓi guda ɗaya, wanda zai sa ki buga wani abu tun darasin farko, mai atisaye a ƙarshen kowane darasi. Ki goge sauran. Duk misalin da aka ba ki, ki sake shi da lambobin Baba.

Sai dai idonsa ba zai jira karatunki ba. Manhajar Excel za ta fitar da zanen shekara guda cikin wuni ɗaya. Ki yi wannan a makon nan, ki buga shi babba a takarda, ki kai masa. Python ta biyo baya.

Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa ya gani da idonsa.