Jakar Tarkon Sauro

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Mama? Ki tabbata tana shan maganin bayan abinci.

Yau kwanana ashirin da uku a gonar. Ɗakina yana bayan rumbun abincin dabbobi: gado, tebur, da ƙaramin firji. Waya ba ta kamawa sai na hau kan tankin ruwa, shi ya sa na koma takarda.

Kin tambayi aikina. Da yamma ina rataye tarko a garken tumaki, fitila ce da fanka da jakar raga. Ƙarfe bakwai na safe in ɗauko jakar, in ƙirga sauron, in aika ofis a duba ko suna ɗauke da cutar da ke sa dabbobi ɓari. Allurar rigakafin ba ta isa kowa ba, don haka gonar da sauro ya fi yawa ake fara kai wa.

Ga damuwata. Tumaki huɗu sun yi ɓari cikin kwana goma. Jinin da na ɗiba sai bayan wata guda za a ji sakamakonsa. Sauro ya cinye mini ƙafafu, amma jakar kullum fayau. Rahotona uku: sifili, biyu, sifili. Na sauya batir, na wanke fanka, littafin tarkon har na haddace. Shugabarmu ta ce in haka ya ci gaba, gonar nan ƙarshen layi za ta koma. Ina tsoron ni ne ban iya ba.

Mutum ɗaya nake hira da shi, tsohon da ke kiwon tumakin. Likitan Sauro yake kirana, wai na yi shekara biyar a jami'a don in ƙirga abin da shi yake kashewa da tafi. In ya zauna a bakin ƙofata da yamma, sai in ji kamar ina gida.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na gano inda sauron yake zuwa.

Shekaranjiya na fita shida saura kwata, sai na tarar da Baba makiyayi yana kakkaɓe jakar a kan wutar da yake dafa shayi. Ashe tun ranar farko haka yake yi. Ya ɗauka na'urar ta kashe sauro ce. Da murmushinsa ya ce, "Ɗana, na ga kana gudun cizo, shi ne nake rage maka aiki."

Ban ɗaga murya ba, Yaya, amma abin da na yi ya fi haka muni. Na tsaya na jero masa bayani kamar ina gaban malaman jarrabawa, ga masu tatsar madara biyu suna ji. Har na ce da ƙidayar ta tafi tun farko, da wataƙila an yi allura kafin ɓarin. Gaskiya ne, na sake lissafa kwanakin. Sai daga baya na ji cewa tunkiya ɗaya cikin huɗun tasa ce ta kansa. Ya miƙo mini jakar da hannu biyu.

A takardar ofis na soke rahotannin uku, na rubuta an zubar da samfur kafin ɗauka. Ban faɗi wa ya zubar ba. Jiya na ƙirga ɗari shida da goma sha huɗu, sau biyu na ƙirga. Masu allura za su zo ranar Alhamis, mu ne na farko.

Ya kamata in yi murna. Amma Baba yanzu ta bayan rumbu yake bi da tumakinsa, daga nesa yake ɗaga mini hannu. Tun shekaranjiya ban yi magana da kowa ba.

Ke kin iya ba babba haƙuri, na sha ganin yadda kike yi da Mama. Don Allah ki rubuto mini abin da zan faɗa, da yadda zan fara. Na gwada sau uku a takarda, kowanne sai ya fito kamar rahoto.

Ƙaninki mai jiran amsa,
Auta